Wannan curin naman kaza da Ibo ke sa wa a miyar agushi, da gaske yana sauke suga?

Maman_Khalifa_Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san abin nan ya fitar da ni daga duhu. Surukata Hajiya ta zo wajenmu daga Zariya tun bayan Babbar Sallah, tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma tana kan maganin asibiti. Jiya maƙwabciyata, wata mata Ibo da muke zaune gida ɗaya, ta kawo mana wani abu kamar curin doya, bayansa ruwan ƙasa mai duhu, cikinsa fari fat. Ta ce sunansa usu, wai wani irin naman kaza ne, a kasuwar Oyingbo ta sayo. A garinsu ana kankare bayan a daka cikin a haɗa da agushi, kuma wai tsofaffinsu na ci saboda hawan jini da suga. Ni dai ban ga alamar naman kaza a jikinsa ba, ba laima ba kara. Hajiya kuwa tun da ta ji an ce magani ne ta matsa a dafa mata, har tana cewa ƙila ta huta da haɗiyar ƙwayoyi safe da dare. Maigidan ya ce kada a ba ta sai an tambaya. To ga ni na tambaya. Ana ci? Kuma da gaske yana magani?

Dan_Mile12:
Wa alaikumus salam. Ana ci mana Hajiya, na sha cin sa a wajen masu abinci a nan kasuwa. Suna cura shi da agushi ya zama kamar ƙwallon nama a cikin miya. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne sunan da muka ba abin, naman kaza. Ba nama ba kaza, sai tsiro a kan ruɓaɓɓen itace.

Ummu_Ruman22:
Ni fa ko kallonsa ba na iya yi. A gidanmu laimar kwaɗi muke ce masa, kuma duka ake yi wa yaron da ya taɓa.

Baba_Sale_Zango:
Ummu Ruman, 'yata, ai iri-iri ne. Wanda iyayenki suka hana ki daban, wanda ake ci daban. Mu da muka tashi a ƙauye, da an yi ruwa biyu uku na farkon damina, da asuba muke bin suri. A gindin suri yake fitowa, fari, da doguwar jijiya da ta nutsa can cikin gidan gara. Kakarmu ta kan yayyaga shi ta zuba a miyar kuka ko ta soya da man gyaɗa, wallahi ba za ka nemi nama ba. Ina ganin daga nan sunan ya samo asali, domin in ya dahu yana yagewa sili-sili kamar ƙirjin kaza. Amma ba kowa ake bari ya tsinko ba. Ita kaɗai ke dubawa ta ce wannan a ci, wannan a zubar. Ban taɓa jin ta ce magani ba ne, abinci ne na lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Hauwa_Famasi:
@Maman_Khalifa_Agege sannu da jinya, Allah ya ba Hajiya lafiya. Na san abin da aka kawo miki. Sunansa a wajen masana Pleurotus tuber-regium, Ibo na cewa usu, Yarbawa na cewa ohu. Kin yi gaskiya da kika ce ba ki ga laima ba, domin wannan curin rumbun abincinsa ne, a nan yake tara ƙarfi ya jira damina. In kika binne shi a ƙasa mai laima kika dinga yayyafa ruwa, za ki ga naman kazan ya tsiro daga jikinsa, mai baki kamar mazurari. Da curin da abin da ya tsiro duk ana ci.

Maganar maƙwabciyarki kuma ba ita ta ƙirƙira ba. Tun 1977 wani malamin Jami'ar Ibadan, Farfesa Oso, ya rubuta yadda masu maganin gargajiya a kudu ke amfani da shi wajen ciwon kai, ciwon ciki, zazzaɓi, asma da hawan jini. Sai dai shi ya rubuta abin da mutane ke yi ne. Daga baya an yi gwaje-gwaje a kan ɓeraye masu suga, an ga sugansu ya sauka. To ɓera daban, tsohuwa mai shekaru sittin da ke shan ƙwayoyi kala biyu ko uku daban.

Abin da zan iya tsaya miki a kai shi ne amfaninsa na abinci. Yana da faiba sosai, wato ɓangaren abincin da hanji ba ya narkarwa, kuma irin wannan na rage saurin da suga ke shiga jini bayan an ci abinci. Maiƙonsa kaɗan ne. Don haka a ba ta a miya, ba laifi. Ajiye ƙwayoyi kuwa, a'a. Ko da wasa kada a bari ta fara.

Maman_Khalifa_Agege:
Na gode Anti Hauwa. Wato in dafa amma in ɓoye mata cewa ba magani ba ne? Don in na faɗa mata gaskiya ba za ta ci ba.

Hauwa_Famasi:
Kada ki ɓoye. In ta ɗauka magani ne, ran da ba ki gida za ta tsallake ƙwayar dare ta ce ai ta ci usu.

Sadiq_Lafiya_Jari:
Hajiya ki bar wahalar daka. Akwai wanda ya fi wannan nesa ba kusa ba, sunansa ganodama, Sinawa na kiransa linzi, sun fi shekara dubu biyu suna amfani da shi, sarakunansu ne ma ke sha a da. Yanzu an sarrafa shi cikin kofi da shayi da ƙwayoyi. Yana wanke jini, yana maganin suga, hawan jini, olsa, ciwon daji, har rashin haihuwa. Ina da shi, da lambar NAFDAC a jiki. Mai so ya yi min magana ta ciki.

Dan_Mile12:
To fa! An zo wajen. Malam Sadiq, saura ka ce yana biyan kuɗin haya.

Injiniya_Bash:
Malam Sadiq, da girmamawa, ni na taɓa shiga irin wannan harka shekarun baya. Wani abokin aiki ya ja ni taro a wani otal a Ikeja, aka yi ta tafi, aka nuna mana hotunan motoci. Na sayi kwali-kwali na kai wa mahaifina. Wata uku yana sha, awon jininsa na nan inda yake, aljihuna ne kawai ya sauka. Daga baya na karanta bayan kwalin da kyau, sai na ga sukari da madarar gari ne a gaba a jerin abin da ke ciki. Ka ga mai ciwon suga kuma ana ɗura masa sukari da sunan magani. Ba na cewa naka haka yake, ban gani ba. Amma duk mai saye ya juya kwalin ya karanta.

Hauwa_Famasi:
@Sadiq_Lafiya_Jari tsufan abin gaskiya ne, yana cikin tsofaffin littattafan maganin Sin. Amma mu rarrabe. Ganoderma lucidum ba a cin sa kamar usu, tauri ne da shi kamar katako, ga ɗaci, sai dai a tafasa ko a niƙa. Kuma an gwada shi a kan mutane. Akwai ƙungiyar masana da ake kira Cochrane, aikinsu tattara gwaje-gwajen da aka yi su auna ingancinsu. A 2015 sun duba na masu ciwon suga nau'i na biyu, ba su ga ya sauke suga ko hawan jini ko kitsen jini ba. A 2016 sun duba na ciwon daji, gwaji biyar, suka ce babu hujjar da za ta sa a ɗauke shi a matsayin maganin farko, sai dai ƙila a haɗa da na asibiti.

Lambar NAFDAC kuma, ka duba kwalinka. Maganin gargajiya da aka yi wa rajista yakan zo da rubutun cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Lambar na nufin an duba ba zai cutar ba in an sha yadda aka ce. Ba ta nufin yana warkar da olsa da rashin haihuwa.

Wani abu da ya fi damuna: mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko wanda za a yi wa tiyata, ya nisanci ganodama sai da sanin likita, don yana iya ƙara zubar jini. An kuma samu rahoton mutanen da hantarsu ta taɓu bayan sun daɗe suna shan garinsa.

Sadiq_Lafiya_Jari:
Anti Hauwa ai ku 'yan boko kullum haka kuke. In ba Bature ne ya haɗa ba, ba magani ba ne. Ni ina da mutanen da suka sha suka ji daɗi, jiki magayi.

Hauwa_Famasi:
Malam Sadiq, ba ni da gaba da wannan halitta, magunguna da dama a kantina daga danginta suka fito. Penisilin daga fumfuna aka gano shi a 1928. Lovastatin na rage kitsen jini daga fumfuna aka ciro, aka amince da shi a Amurka a 1987. A Japan a 1977 suka fara amfani da wani sinadari, PSK, da aka tace daga wani naman kaza na jikin itace, sannan a 1985 suka amince da wani sinadarin, lentinan, daga naman kazan da ake kira shitake, dukkansu don a haɗa su da maganin ciwon daji na asibiti. Japanawa dai ba Turawa ba ne. Bambancin shi ne an tace, an auna, an san adadin da ake bayarwa, lentinan ma allura ce. Nawa ne a cikin cokali ɗaya na kofinka? Ni ban isa in faɗa ba, kai ma haka.

Abu_Safwan_IdiAraba:
Ni tambayata daban ce. Abin da ke tsirowa a kan ruɓa da juji, ya halatta a ci?

Malam_Nura_Obalende:
@Abu_Safwan_IdiAraba asalin abin da ƙasa ta tsirar halal ne, sai wanda ke cutarwa ko ke gusar da hankali. Mai guba haramun ne saboda cutarwarsa, wanda ake ci kuma babu laifi. Har ma akwai hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim daga Sa'idu ɗan Zaidu, Allah ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce kam'a na daga cikin mannu, kuma ruwanta waraka ne ga ido. Kam'a ɗin nan 'yar uwar naman kaza ce, a ƙarƙashin yashin sahara take fitowa bayan ruwan sama, kamar dankali. Waɗanda suka zauna a Saudiyya sun san ta, ana sayarwa da tsada a lokacinta. Amma ina roƙon jama'a, kada wani ya ji wannan ya je ya matse usu ko laimar kwaɗin bayan gida ya ɗiga a ido ya ce Malam Nura ya faɗa. Kam'a aka ambata, kuma ba ita ce ke fitowa a Legas ba.

Abu_Safwan_IdiAraba:
Jazakallahu khairan Malam. Na ƙaru.

Zee_Ikorodu:
Bari in sa baki tun da sana'ata ce. Shekara ta huɗu ke nan ina noman naman kaza a bayan gida, irin farin nan mai faɗi da ake kira oyista, ɗan uwan usu ne, gidansu ɗaya Pleurotus. A FIIRO, cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi, ake koyar da noman, ni ma ta hanyar wadda ta koya a can na samu. @Abu_Safwan ba a kan juji muke yi ba. Garin katako muke samowa daga masu yankan katako, a haɗa da dusar shinkafa da ɗan farar ƙasa, a jiƙa, a ɗura a leda, a turara a duro na sa'o'i don a kashe duk wata ƙwayar cuta. In ya huce a zuba iri, a jera a ɗaki mai duhu. Sati uku zuwa huɗu ledar za ta yi fari fat, sai a buɗe baki a dinga fesa ruwa, cikin 'yan kwanaki ya fito. Iskar Legas mai laima ta dace da shi. A Kano da rani sai ka sha wahala.

Kuma ni da nake sayarwa ba na ce wa kowa magani ne. Masu saye na, yawanci mata masu son rage ƙiba da masu gidajen abinci, abin da nake gaya musu shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyensa ruwa ne, ba maiƙo, yana da furotin daidai gwargwado da bitamin B da fotasiyam. In likita ya ce ka rage jan nama, wannan zai cike maka gurbin taunawa a miya. Wata dabara kuma, in ka yanka ka shanya a rana kafin ka dafa, yana samar da bitamin D, kamar yadda fatar mutum ke yi.

Ummu_Ruman22:
Anti Zee har kin sa na fara sha'awa. Yana ƙarni?

Zee_Ikorodu:
Ko kaɗan. Ki soya da albasa da attarugu har ruwan ya tsotse. Kada dai ki ci ɗanye, kuma kada ya wuce kwana uku huɗu a firij.

Dan_Mile12:
Anti Zee ki turo ɗanɗano Mile 12, mu ne alƙalai.

Garba_Mai_Gadi:
Jama'a ku yi hankali da na daji. Bara da damina a gidan da nake gadi a Lekki, wasu manya-manya farare suka fito a kan ciyawar tsakar gida. Yaron da ke wankin mota ya ce irin na garinsu ne, ya tsinka ya dafa da indomi. Kafin la'asar amai da gudawa kamar ransa zai fita, sai da aka kai shi asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. Da ya ba ni na ce na ƙoshi, Allah ne ya tsare.

Hauwa_Famasi:
Malam Garba, Allah ya ƙara tsarewa. Daga bayaninka ya yi kama da Chlorophyllum molybdites, mai son ciyawar gida a ƙasashe masu zafi. In ya girma ƙasan laimarsa kan koma kore-kore. Shi wahalarwa yake yi, da wuya ya kashe. Waɗanda suka fi haɗari 'yan gidan Amanita ne, irin su Amanita phalloides da ya fi kashe mutane a Turai. Su ba sa nuna alama da wuri, sai bayan awa 6 zuwa 24. Mutum ya yi amai da gudawa, ya ji sauƙi ya ɗauka ya warke, alhali hanta na lalacewa. Dafuwa ba ta kashe gubar. Kuma zancen wai a sa cokalin azurfa a gani ko ya yi baƙi, ko wai in ƙwari sun ci mutum ma zai iya ci, duk ba gaskiya ba ne.

Baba_Sale_Zango:
Shi ya sa na ce kakarmu kaɗai ke zaɓa. Ni kaina yau in ka kai ni daji ba zan yarda da idona ba, shekara arba'in ina Ikko. Wanda na sani na suri ne, kuma ban ga suri a Lekki ba.

Kabiru_Unilag:
Ba a ambaci wanda ake ta yayi yanzu a TikTok ba, mai kama da gezar zaki, Hericium erinaceus, wai yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Na bi diddiginsa lokacin jarrabawa. Gwajin da kowa ke kafa hujja da shi an yi shi a Japan a 2009, mutum 30 ne kacal, 'yan shekara 50 zuwa 80 masu 'yar mantuwa. Rabi aka ba su garinsa giram 3 a rana har sati 16, suka fi sauran maki a gwajin tunani, amma sati huɗu da dainawa makin ya fara komawa. Abin sha'awa ne, amma mutum 30 ko ajinmu ba su cika ba. Na bar kuɗina na sayi taliya.

Injiniya_Bash:
Kabiru ka yi dabara. Amma mun bar Maman Khalifa da curinta a hannu, mun tafi Japan.

Hajiya_Binta_Alaba:
Ni zan yi magana a matsayin mai ciwon, shekara tara ina tare da suga. Maman Khalifa, abin da ke damun surukarki na san shi, gajiya ce. Wanda bai haɗiyi ƙwaya kullum ba ba zai gane ba. Duk abin da aka ce maka zai raba ka da ita sai zuciyarka ta tafi. Na sha garin zogale, na sha shuwaka, na sha ɗanyen kuɓewa da aka jiƙa. Usu ma ina ci, wata ƙawata Ibo ce ta koya min. Abin da na lura, ran da na ci miyarsa da ɗan tuwon dawa kaɗan, awona bayan cin abinci ya fi kyau a kan ran da na ci shinkafa fara. To usu ne, ko rage tuwon ne, ko barin shinkafar, Allah masani. Ban taɓa ajiye metformin, ƙwayar sugata, ba dai. Ki saya mata na'urar awo in babu, ki riƙa rubutawa a littafi safe kafin karyawa. Tsofaffi sun fi yarda da abin da suka gani da ido.

Hauwa_Famasi:
Hajiya Binta ta faɗi abin da ya fi nawa amfani. Ƙari ɗaya: in cikin ƙwayoyin akwai glibenclamide, ko tana allurar insulin, a kula da saukar suga in an canza abinci. Rawar jiki, gumi, jiri, ko awo ƙasa da 70, a ba ta abu mai zaƙi nan take. In kuma tana da matsalar ƙoda a tambayi likita kafin a yawaita mata naman kaza saboda fotasiyam. Ki tafi da littafin awon ranar ganin likita, shi zai ce a rage ko a bari.

Sadiq_Lafiya_Jari:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Nan da shekara goma za ku ce Sadiq ya faɗa.

Abu_Safwan_IdiAraba:
Malam Sadiq ba ka amsa tambayar sukari a kwalin ba.

Maman_Khalifa_Agege:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ga yadda aka yi. Na raba curin biyu. Rabi maƙwabciyar ta shigo ta nuna min yadda ake yi, muka daka da agushi da barkono muka cura muka jefa a miya. Hajiya ta ci ta ce ba laifi amma daddawa ta yi kaɗan. Na karanta mata maganar Hajiya Binta, ta yi shiru, sannan ta ce a tambayi Hajiya Binta ita 'yar wane gari ce. Ƙwayar dare kuma ta sha a gabana, sai dai ta ce ita har yanzu tana ganin abin zai yi aiki, a ba shi wata ɗaya. Maigidan zai sayo na'urar gobe. Ɗaya rabin Khalifa ya binne a tsohon bokiti yana ta ba shi ruwa.

Hajiya_Binta_Alaba:
Ki ce mata 'yar Funtuwa ce, kuma ina gaishe ta.

Zee_Ikorodu:
@Maman_Khalifa_Agege ki ce wa Khalifa ya huda gindin bokitin ya ajiye a inuwa, in ruwa ya kwanta ruɓewa zai yi. In ya fito ki ɗora mana hoto.

Dan_Mile12:
Anti Zee har yanzu ina jiran ɗanɗanon nan fa.